Gargaɗi ga masu obin da murhun gas a Legas game da masu "gyaran sensa"

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas, musamman matan da ke sana'ar gasa kek da burodi a gida, da masu gidajen abinci a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende. Dalilin wannan rubutu shi ne wani abu da ya faru a gidan yayata, wanda da Allah bai kiyaye ba da yanzu ta'aziyya muke karɓa, ba asarar kuɗi muke lissafawa ba.

Akwai wani mutum da ke tallata kansa a zaurukan WhatsApp da Facebook na Hausawan Legas a matsayin injiniyan gas. Yana cewa a Kanada ya koyi aikin, kuma yana yaɗa bidiyoyin da ake nuna ana kwance manyan na'urorin ɗumama gida irin na ƙasashen sanyi. Hausarsa ta fita, bakinsa da daɗi, kuma da ya shigo gida sai ya fara da gaisuwa mai tsawo da Hajiya kaza Hajiya kaza, har mutum ya ji kunyar tambayarsa shaidar aiki. Ban ambaci sunansa ba saboda suna ba ya da amfani a nan: mun gano yana da aƙalla sunaye biyu, kuma sunan da ke kan asusun da yake karɓar kuɗi daban yake da duka biyun. Salon aikinsa ne ba ya canzawa, shi ne kuma zan bayyana.

Obin ɗin yayata ya fara wata matsala da duk mai obin ya sani. Idan ta danna makunnin ta kunna, wuta takan kama, amma da ta saki hannu sai ta mutu. Da mutumin ya zo ya leƙa, ko mitar auna lantarki bai fito da ita ba, sai ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, sensa ta mutu, kuma ta ƙona bod ɗin. Sai an sayo na waje." Bod shi ne allon lantarki da ke sarrafa aikin wasu na'urori. Mutumin ya nemi kafin alƙalami na naira 60,000, ta tura masa. Bayan kwana uku ya dawo, ya ce kowa ya fita daga kicin saboda haɗari, ya yi kusan rabin sa'a shi kaɗai, sannan ya kira ta ya nuna mata. Obin yana kamawa nan take, babu buƙatar riƙe makunni ko na daƙiƙa ɗaya. Ta yi murna, ta cika masa ragowar kuɗinsa, har ta tura lambarsa ga ƙawayenta biyu.

Wannan kamawa nan take da ta yi wa murna ita ce alamar ɓarnar. Makonni kaɗan bayan haka, da yamma, wutar obin ta mutu ana cikin gashi, wataƙila iska ce ko kuma buga murfin da aka yi da ƙarfi, amma gas bai daina fita ba. 'Yarta ce ta shigo ta ji wari, kuma Allah ya taimaka ba ta taɓa makunnin lantarki ba, ta fita ta rufe tukunyar gas tukuna. Washegari muka kira wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, ya kwance bawul ɗin a gabanmu. Abin da ya nuna mana shi ne an cire cikin bawul ɗin tsaro, an bar hanyar gas a buɗe. Tsohuwar sensar tana nan inda take, ba a canza ta ba. Game da bod kuwa, dattijon ya yi dariyar takaici ya ce, "Alhaji, wannan obin ai ba shi da bod tun daga kamfani."

Ya kamata a fahimci yadda abin yake aiki, domin rashin sani ne jarin irin wannan mutum. A kowace na'urar gas mai tsaro akwai ayyuka biyu daban: kunna wuta, da tabbatar da cewa wutar tana nan. Na farko aikin makunni ne, mai fitar da tartsatsi. Na biyu aikin abin da masu gyara ke kira sensa ne. A yawancin obin da murhunan gida, sensar wani ɗan siririn ƙarfe ne mai kama da kan ƙusa, wanda ke tsaye a cikin harshen wuta, da jelar tagulla da ta tafi har bayan bawul. Sunansa a bakin masu sana'a tamokoful. A cikinsa an haɗa ƙarafa iri biyu, kuma idan mahaɗarsu ta yi zafi sai ta samar da 'yar wutar lantarki ƙarama ƙwarai, wadda ba ta wuce kimanin milibolt 30 ba. Wannan 'yar wutar ba za ta iya buɗe bawul da kanta ba, amma ta isa ta ba wani ɗan maganaɗisu ƙarfin riƙe shi a buɗe bayan an tura shi da hannu. Shi ya sa ake danna makunni a riƙe na wasu daƙiƙoƙi: hannunka ne ke tsaya wa maganaɗisun har ƙarfen ya yi zafi. Idan wuta ta mutu, ƙarfen ya huce, maganaɗisun ya saki, sai bawul ya rufe da kansa, galibi cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, har ana iya jin ɗan ƙas. Saboda haka jiran nan da mata ke ƙorafi a kai shi ne shaidar cewa mai gadin yana bakin aikinsa, kuma wanda ya ce zai raba ki da jiran, mai gadin ne zai sallama.

Matsalar da obin yayata ya yi, wato mutuwar wuta da zarar an saki makunni, ba ta cika wuce abubuwa kaɗan masu arha ba. Ko dai maiƙo da toka sun lulluɓe kan ƙarfen, ko an ture shi wajen wanke-wanke ya kauce daga harshen wuta, ko noti mai ɗaure jelarsa da bawul ya yi sako-sako, ko kuma ya tsufa da gaske yana buƙatar canji. A namu, noti ne ya saki. Ko da canji ne, tamokoful ƙaramin kaya ne, kuma wanda ya je Alaba ko ya tambayi masu sayar da kayan gas na unguwarsa zai ji farashi da kunnensa. Haka ma makunni mai ƙas-ƙas ba tare da wuta ta kama ba: yawanci ruwa ko miya ce ta jiƙa tsinken tartsatsin, ko farin tangaran da ke jikinsa ya tsage, ko ramukan bona, wato kan da wuta ke fitowa, sun toshe, ko ba a mayar da murfin bona daidai ba, ko kuma batir ne kawai ya ƙare. Mutane da dama ba su ma san akwai batir a ƙarƙashin murhunsu ba. Sannan yawancin ƙananan murhunan tebur masu arha ba su da sensa sam, don haka duk wanda ya karɓi kuɗin sensa a kansu ya yi sata tsagwaronta.

Sai maganar Kanada da bidiyoyinsa. Na'urorin da yake nunawa na gaske ne, amma ba namu ba ne. A Amurka da Kanada ana ɗumama gidaje da tanderun gas mai hura iska mai zafi cikin ɗakuna, abin da babu mai buƙatarsa a Legas ko a tsakiyar hunturu. A irin waɗannan na'urori, fanka ce ke fara tashi ta share hanyar hayaƙi, sannan wani makunni ya yi ja wur don zafi, sannan bawul ya saki gas. Sensarsu ba tamokoful ba ce, sandar ƙarfe ce kawai da bod ke aika wa lantarki, shi kuma harshen wuta ya zama gada tsakaninta da jikin bona, yana barin wata 'yar wuta ta maikro-amfa kaɗan ta bi ta gefe guda. Idan bod bai ga wannan alama ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai ya rufe gas, ya sake gwadawa kamar sau uku, sannan ya kulle kansa. Abin ban dariya shi ne, gyaran da aka fi yi wa wannan matsala a can shi ne kwance sandar, a goge ta a hankali da lallausan soson ƙarfe, a mayar. Wato bidiyoyin da yake burge mutane da su, da za a saurari abin da ake faɗa a ciki, shaida ce a kansa.

Inda wannan ilimi ya shafe mu shi ne wasu hitocin ruwa na gas da manyan obin na gidajen burodi, domin su ma da irin wannan sanda da bod suke aiki, kuma a nan ne kuɗi masu nauyi ke salwanta. Irin wannan sensa tana dogara ne da kyakkyawar wayar ƙasa, wadda masu lantarki ke kira earth, kuma wasu bod ɗin ba sa aiki idan an juya wayoyin lantarki biyu a soket. Shi ya sa za ka ga obin yana aiki lafiya a kan wutar NEPA amma yana mutuwa idan an koma ƙaramin janareta, alhali bod ɗin lafiyarsa lau, haɗin wayoyi ne ke da gyara. Mai gidan burodin da bai san haka ba, idan aka ce masa bod ya ƙone, zai biya. Ɗaya daga cikin ƙawayen yayata da aka tura wa lambar mutumin, hitarta ya duba, ya tafi da bod ɗinta wai zai gwada a shago, kuma har yau ba ta sake ganin bod ɗin ko shi kansa ba.

Asarar kuɗi da sauƙi idan aka kwatanta da buɗe hanyar gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya fice ta taga kamar hayaƙi, a ƙasa yake kwanciya, cikin obin da ƙarƙashin kabad da kwatami. Idan ya kai kimanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya daga makunnin fitila ko firji ya isa. Warin da muke ji ma ƙara masa aka yi da gangan domin a gane yoyo, kuma mai barci ko mai mura ba lallai ya ji ba. Ku duba yadda gidajen hayarmu suke, ɗakuna a jere suna kallon juna, kicin ɗaya ko a haɗe da baranda, tukunya mai kilo 12.5 a kusan kowace ƙofa. Wanda ya ga abin da gobarar gas ta yi a unguwar Baruwa da ke Ipaja a watan Oktoba na 2020 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Idan wani ya taɓa obin ɗinki ko murhunki mai sensa, akwai gwaji mai sauƙi. A buɗe tagogi, a tabbatar babu wuta a kusa kuma bona ya huce, sannan a danna makunnin a murɗa ba tare da an kunna ba, a saki nan take. Idan tsaron yana nan, sautin fitar gas zai tsaya da sakin hannu. Idan ya ci gaba, a mayar da makunni, a rufe tukunya, kada a sake amfani da shi sai an gyara. Wajen kiran mai gyara kuwa, kada a yarda a fitar da ku daga kicin. Mai gyaran kirki yana zuwa da mita, yana auna sensa a gabanku ya nuna muku lamba, kuma idan ya canza kaya zai miƙa muku tsohon tare da kwalin sabon da rasit. Ya gama kuma sai ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da regileta don duba kumfa, ba ashana ba. Kada a bari a fita da bod ko bawul daga gida, kuma kada a tura kafin alƙalami ga asusun da sunansa bai yi daidai da na mai aikin ba. Harshen wuta bayan gyara shuɗi ya kamata ya kasance. Idan ruwan ɗorawa ne yana baƙanta tukunya, gas ba ya ƙonewa daidai, kuma irin wannan wuta tana iya fitar da iska mai guba marar wari.

Idan aka ji warin gas, a rufe tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, kada a kunna ko a kashe wani makunnin lantarki, kada a tayar da janareta, a fitar da yara, sannan daga waje a kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na jihar Legas. Wanda aka riga aka cuta ya adana shaidar tura kuɗi da hirarsu ta WhatsApp, ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa, yana kuma iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta jiha, LASCOPA, ko ta tarayya, FCCPC. Mu mun kai namu rahoton, mun kuma sanar da shugabannin al'ummarmu na unguwa domin a faɗa a masallatai.

Dattijon ya sa wa obin yayata sabon bawul, ya ɗaure notin da ya saki, kuma yanzu ta koma riƙe makunni tana ƙirga goma kamar da. Shi kuwa mutumin ya toshe lambobinmu, amma a makon jiya wata 'yar uwa ta turo mini tallarsa daga wani zauren matan Idi-Araba, da sabon suna da bidiyoyin nan dai na Kanada. Ba mu san gidaje nawa ya shiga ba. Duk wadda aka yi wa gyara a 'yan watannin nan obin ɗinta ya koma kamawa ba tare da riƙe makunni ba, ina roƙonta ta rufe tukunyarta yau, ta nemi wanda zai kwance bawul ɗin a gabanta.