Irin tumatir na noman rani: wanne za ka saya a wannan zamani na cutar naɗe ganye?

Duk wanda ya taɓa shiga lambunsa da sassafe ya tarar da tumatir ya tsugune, ganyen sama ya ƙanƙance, ya yi rawaya, ya naɗe kamar cokali, fure yana zuba babu ɗa, ya san abin da nake nufi. Wannan ba Sharon ba ce, tsutsar da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016. Ita Sharon ana ganinta, ana yi mata feshi. Wannan kuwa bairos ce, wato ƙwayar cuta da ido ba ya gani, ɗan farin ƙudan nan da ke laɓewa a bayan ganye shi ke kai ta daga tsiro zuwa tsiro, kuma da zarar ta shiga babu maganin da zai fitar da ita. Saboda haka tun ranar sayen iri ake shiri da ita.

Irin da ka matse daga tumatir ɗin bara ba shi da tsada, amma ba ka san abin da zai haifa ba. Dashen kasuwa kuwa ban ba kowa shawararsa ba, domin sau da yawa a fili aka rene shi, ƙuda ya riga ya sha, da cutar za ka taho gida. Sai tsofaffin iri kamar UC82B da Roma VF. Suna da ƙarfin jiki, suna jure kwando da doguwar tafiya zuwa Legas, amma V da F ɗin nan na Roma kariya ce daga cututtukan ƙasa guda biyu masu sa tsiro ya yi yaushi. Ba ruwansu da bairos.

Ni dai inda na tsaya shi ne irin aure, wato F1, wanda aka rubuta TYLCV a jikin gwangwaninsa ko ledarsa, kamar Kilele F1 da Cobra 26 F1. Haruffan TYLCV sunan cutar naɗe ganye ne a taƙaice. Kusa da su za ka ga HR ko IR: na farko juriya mai ƙarfi, na biyu matsakaiciya. Kuɗinsa ya ninka na tsohon iri nesa ba kusa ba, kuma ba a ajiye 'ya'yansa don baɗi, domin jikoki ba sa gadon halin nan gaba ɗaya. Amma na ga komi biyu a jere a fadama ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya: na tsohon iri ya tsaya iya gwiwa babu abin tsinka, na F1 yana da ɗan rawaya a kai amma yana ta ɗaukar 'ya'ya. Tun ranar ban ƙara jayayya da farashi ba.

Sai dai kada mai kanti ya ce maka irin ba ya kamuwa sam. Cutar ba guda ɗaya ba ce, dangi ne. Wadda aka fi sani a Kwarin Jodan aka fara ganinta, ta tsallaka har Jamhuriyar Dominika a farkon shekarun 1990. Mu nan Afirka ta Yamma muna da namu 'yan uwanta, har masana sun raɗa musu sunayen Mali da Ghana da Nijeriya. In biyu suka haɗu a tsiro ɗaya sukan yi musayar sassan halitta, sabuwa ta fito. Irin da ya tsaya da ƙafarsa a wata ƙasa yana iya sassautawa a taka gonar, don haka ka gwada komi ɗaya ko biyu kafin ka zuba jarinka duka.

Akwai kuma wata sabuwar bairos ta tumatir daga wani dangi daban, mai suna ToBRFV, da ta ɓulla a Isra'ila a 2014, Jodan a 2015, kafin 2018 ta ƙare ta isa Jamus da Meksiko da Amurka. Ita ba ta jiran ƙuda. A jikin iri take tafiya, da hannun ma'aikaci, da wuƙa, kuma ta karya kariyar da kamfanonin iri suka dogara da ita fiye da shekara 40 wajen tare danginta. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum sayen irin da bai san asalinsa ba.

A wajen sayen iri ne aka taɓa damfarata. Wata shekara na sayi gwangwani a wurin wani dillali ranar kasuwa, hotonsa ja wur, farashinsa ƙasa da na kanti. Ya ce, "Alhaji, kaya ne na ketare, don kai ne." Ashe an buɗe gwangwanin ta gindi, an juye na ainihi, an ɗura wani irin da aka rina da jan hoda, aka liƙe. Ya tsiro lafiya lau, shi ya sa ban farga ba. Sai bayan dashe na ga tsirrai kowa da kamarsa, wani dogo, wani gajere, sannan cutar ta kwantar da su. Taki, man injin ban ruwa, kuɗin 'yan ƙwadago, duk suka tafi, dillalin kuma ban sake ganinsa ba.

Yanzu kafin in biya sai na juya gwangwani na shafa bakin gindinsa, in ji ko akwai alamar walda ko gam. Ina duba lambar kaya da ranar ƙarewar aiki, in tabbatar bugawa aka yi, ba takarda aka manna a kai ba. In akwai tambarin Seedcodex na hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, a nan gaban mai kanti nake kankarewa in tura lambar ta waya don in tabbatar irin na ainihi ne. Ba na sayen irin da ake aunawa da cokali daga buɗaɗɗen gwangwani, ko da wa ya rantse mini. Ba na sayen wanda ya yini a rana kan tebur. F1 mai araha fiye da kima kuwa, ko kallonsa ba na yi. Rasit nake karɓa mai sunan kanti, in haɗa shi da gwangwanin in adana har a gama tsinka.

In iri ya zo gida, ni nake renonsa da kaina a ƙarƙashin raga mai ƙananan ƙofofi, in danne gefenta da ƙasa, har sati uku zuwa huɗu. Gidan sauro na ɗaki bai cika tare farin ƙuda ba, ta cikin ƙofofinsa yake wucewa.