Fassarar Penguin ta labaran Chrétien de Troyes: duba sunan mai fassara kafin ka biya

Ɗalibanmu na adabi a Jidda da Madina da ke neman Chrétien de Troyes, mawaƙin Faransa na ƙarni na 12, su nemi bugun Penguin Classics na 1991 mai suna Arthurian Romances. William Kibler ne ya fassara huɗu daga cikin labaran zuwa Turanci, Carleton Carroll ya fassara Erec da Enide.

Abin da ya fifita wannan bugu shi ne labaran biyar duk suna ciki: Erec da Enide na wajajen 1170, Cligès, Lancelot, Yvain mai zaki, sai Perceval. A nan masu oda ta intanet ke yin asara. Akwai tsohuwar fassarar W. W. Comfort ta 1914 da ake ta sake bugawa da araha, sunanta kusan ɗaya, amma labarai huɗu ne kawai, babu Perceval. To kuwa a Perceval ne aka fara ambaton Graal, wani akushi mai tsarki da jarumai ke nema a tatsuniyoyin Sarki Arthur, kamar yadda soyayyar Lancelot da Guinevere, matar Sarki Arthur, ta fara bayyana a hannun wannan mawaƙi. Ita ta Comfort kyauta ce ma a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai, ba sai an kashe riyal ba.

Inda bugun ya gaza shi ne zube aka yi shi. Chrétien waƙa ya rubuta, ƙwar biyu, kowane ɗango gaɓa takwas, da amsa-amo. Duk wannan ya salwanta, kuma babu tsohon Faransancin a gefe. Mai nazarin salo sai ya haɗa da fassarar Burton Raffel ta waƙa.

Kada a zaci littafin soyayya ne irin na kasuwar Kano. Kalmar romanz, asalin Romances da ke cikin sunan littafin, da fari harshen talakawa take nufi, wato ba Latin ba. Labaran sun fi kusa da Antar da Abla: jarumi, doki, mace, da mutuncin da ake gudun zubewarsa. Yvain ya saɓa wa'adin shekara ɗaya da matarsa ta ba shi, har ya zauce.

Wanda ya ga Perceval ya yanke a tsakiya kada ya mayar da littafin wai shafuka sun ɓace. Chrétien bai kammala shi ba. Lancelot ma, da ya rubuta wa Marie, matar mai mulkin yankin Champagne, Godefroi de Leigni ne ya ƙarasa.

Bangon takarda ne, kada a bar shi a mota da zafin Makka, gam ɗin zai saki.