Buhun Gawayi da Akwatin Lu'ulu'u: Bambancin Maƙwabta Biyu a Gicciyen Kudu

Malam, ka ce a taswirar sama ka ga abubuwa biyu manne da juna a cikin rukunin taurarin nan da ake kira Gicciyen Kudu, wato baƙin gajimaren da aka fi sani da Buhun Gawayi da kuma dunƙulen taurarin da ake kira Akwatin Lu'ulu'u, kana so ka san ko gajimaren ne ya haifi taurarin, sannan wanne ya kamata ka fara nema da madubin hangen nesa mai ido biyu da ka saya. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, babu wata dangantaka ta haihuwa a tsakaninsu, idonmu ne kawai ya jera su a layi ɗaya.

Gicciyen Kudu shi ne mafi ƙanƙanta cikin rukunan taurari 88 da masana suka raba sama da su, amma ya faɗo a daidai inda farar hanyar nan ta taurari, wadda Larabawa ke kira Majarra, take da haske ƙwarai, shi ya sa ɗan wurin ya cika da abin kallo. Idan muka bi abubuwan da ke cikinsa daga na kusa zuwa na nesa, tauraron da ke saman gicciyen, Gacrux, yana nisan tafiyar haske ta shekara 88 ne, Mimosa da Acrux, wasu taurari biyu na gicciyen, kuma suna wajejen shekara 300. Buhun Gawayi yana bayansu, a nisan kimanin shekara 600. Akwatin Lu'ulu'u kuwa, wanda lambarsa a kundin masana ita ce NGC 4755, ya zarce shekara 6,000, wato ya ninka gajimaren nisa kimanin sau goma. Abin da ke tsakaninsu da wannan tazara ba zai zama uwa da ɗa ba, ko da a takarda sun yi kamar suna taɓa juna.

Buhun Gawayi ba ya fitar da haske nasa na kansa. Tarin iskar haidirojin ne mai tsananin sanyi, gauraye da ƙura wadda ƙwayoyinta suka fi na hayaƙi ƙanƙanta, kuma wannan ƙura ce ke tare hasken dubban taurarin da ke bayanta, sai wurin ya zama kamar rami a tsakiyar farar hanya. An daɗe ana ɗaukar irin waɗannan wurare a matsayin ramuka na gaske waɗanda babu taurari a cikinsu, har sai da hotunan Edward Barnard a farkon ƙarni na 20 da binciken Robert Trumpler na 1930 suka tabbatar cewa ƙura ce ke shiga tsakani. Ƙurar ba ta tare dukkan launuka daidai da juna, ta fi cinye shuɗin haske ta bar ja ya wuce, kamar yadda rana ke komawa ja a lokacin hunturu idan hazo ya yi kauri, saboda haka 'yan taurarin da haskensu ya samu ratsawa sukan fito da ja fiye da ainihin launinsu. Kuma baƙin nasa bai kai ƙirin ba, domin a 1970 masanin ƙasar Finland Kalevi Mattila ya auna ya gano cewa yana da ɗan haske, kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da ke kewaye da shi, wanda ƙurar ke watsowa daga taurarin da ke nesa.

Akwatin Lu'ulu'u kishiyar wannan ne ta kusan kowace fuska. Taurari ne sama da 100 da aka haifa a lokaci guda daga gajimare guda, kimanin shekara miliyan 14 da suka wuce, wanda a lissafin taurari ƙuruciya ce tsantsa idan aka tuna cewa rana ta kai shekara biliyan 4.6, kuma ko Kaza da 'ya'yanta da muka saba gani, wadda ita ma dunƙule ce irin wannan, ta kai kimanin shekara miliyan 100. Gajimaren da ya haife su ya riga ya watse, zafi da iskar manyan taurarin ne suka kore shi. Mafi yawan masu hasken cikinsu manya ne shuɗaye masu zafi, sai ɗaya ja a tsakiya, DU Crucis, kuma a wurina wannan jan tauraro shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Shekarunsa ɗaya da na 'yan'uwansa, amma da yake nauyinsa ya yi yawa sai ya ƙone haidirojin ɗin cikinsa da sauri, ya kumbura, samansa ya huce har ya koma ja, kuma ƙarshensa fashewa ce. Wannan shi ne dalilin da ya sa masana ke daraja irin wannan dunƙule: tunda nisan taurarin ɗaya ne kuma shekarunsu ɗaya, duk bambancin da aka gani a tsakaninsu daga nauyi ya samo asali.

Tarihin saninsu ma ya bambanta. Buhun Gawayi ba shi da wanda ya gano shi, domin duk mutanen kudancin duniya suna ganinsa da ido tun fil azal, 'yan asalin Ostiraliya suna ɗaukarsa a matsayin kan wani babban tsuntsu mai kama da jimina da ke miƙe a kan farar hanya, labarinsa kuma ya isa Turai ta bakin matuƙan jirgin ruwa wajejen 1499. Shi kuwa dunƙulen, ido yana ganinsa ne kamar tauraro guda mai ɗan dushi-dushi, sai da Nicolas-Louis de Lacaille ya duba shi da ƙaramar na'ura a Afirka ta Kudu tsakanin 1751 da 1752, sannan John Herschel, wanda ya yi aiki a can daga 1834 zuwa 1838, ya kamanta shi da kayan ado masu duwatsu kala-kala, sunan kuma ya bi shi.

Game da tambayarka ta biyu, shawarata ita ce ka fara da dunƙulen, kuma girmansu a sama shi ne hujjata. Buhun Gawayi ya kai digiri 7 a tsawo da 5 a faɗi, wato za a jera cikakken wata 14 a cikinsa, har ya tsallaka iyakar gicciyen ya shiga maƙwabtan rukunai, saboda haka zai cika madubinka ya hana ka ganin gefensa, alhali gefen ne ke nuna cewa akwai shi. Akwatin Lu'ulu'u bai wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin wata ba, madubi mai ido biyu zai nuna maka 'yan taurari a cure wuri guda, ƙaramar na'urar hangen nesa kuma za ta warware su ta nuna siffar harafin A da jan tauraron a ciki.

Daga ƙasar Hausa ana ganin gicciyen, amma ƙasa-ƙasa. A Kano tsakiyarsa ba ta fi kimanin digiri 18 sama da bakin ƙasa ba idan ya kai ƙololuwarsa, wato ƙasa da dunƙulen hannu biyu idan ka miƙa hannunka, a Damagaram da Agadas ya fi haka sauka, a Kumasi da Akara kuma ya ɗan ɗaga. A wannan tsayi hasken yana ratsa iska mai kauri kusan ninki uku na abin da yake ratsawa a tsakiyar sama, abin da ya fara ɓacewa kuwa ita ce farar hanyar, kuma idan ta ɓace to gajimaren ma ya ɓace, tunda da ita ake gane shi. Dunƙulen yana jure wannan, har a gefen gari ana iya samunsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar watan Mayu tsakanin ƙarfe 9 da 10 na dare, musamman a daren da babu wata, bayan ruwan farko ya kwantar da ƙura. Ka fuskanci kudu a fili marar bishiyoyi, ka nemi taurari biyu masu haske na Alfa da Beta Centauri a hagu, su ne ke nuna gicciyen na gaskiya, don kada ka ruɗe da wani mai kama da shi da ya fi shi girma a yamma. Mimosa shi ne hannun hagu na gicciyen, dunƙulen yana ƙasa da shi kaɗan ta hagu da kimanin digiri ɗaya, gajimaren kuma ya bazu daga nan zuwa hagun Acrux, tauraron da ke ƙasan gicciyen. Shi gajimaren sai ka bar gari ka shiga ƙauye inda babu fitilu, ka ba idonka minti 20 a duhu ba tare da kallon waya ba, sannan ka ajiye madubin ka neme shi da ido.