Kalkuleta, littafi ko malamin lesin: wa zai koya wa yaro ware y?

Ran Asabar ɗan ƙanwata da ke aji ɗaya na sakandare ya same ni a shago a unguwar Aboabo da ke Kumasi, takarda a hannu. An ba su 3x + 2y = 12, aka ce su ware y gefe guda. "Kawu, kalkuleta kawai zan samu in huta," in ji shi. Kafin in cire ko sidi ɗaya sai da na bincika.

Casio fx-991ES Plus ita ce kalkuletar da yara suka fi nema, kuma WAEC na yarda da kalkuletar da ba a loda mata furogiram a WASSCE, wato jarrabawar gama sakandare. Tana da amfani, amma a wannan darasin ba za ta fitar da yaro ba. Maɓallin SOLVE lamba yake bayarwa in ka faɗa masa darajar x, ba ya rubuta y = (12 − 3x)/2, wanda shi ne abin da mai maki ke nema. Jabunta kuma ta cika kasuwa, a danna kowane maɓalli kafin a biya.

Manhajar lissafi ta Photomath a waya tana nuna mataki-mataki. Sai dai waya ba ta shiga ɗakin jarrabawa, kuma yaro kwafa yake yi.

Littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa ya fi araha, musamman na hannu a kasuwar Kejetia ko Adum. A buɗe shi a gaban mai sayarwa: in amsoshi kawai aka jera a baya ba a nuna yadda aka kai gare su ba, a ajiye masa abinsa.

Malamin lesin ya fi tsada, don haka a gwada shi tukuna. Yaronmu ya rubuta y = 6 − 3x. Malamin da na ɗauka bai ce "kuskure" ya wuce ba. Cewa ya yi: "Koko sidi 3, ƙosai sidi 2, kana da sidi 12. Ka sayi koko biyu, ƙosai nawa za ka samu?" Yaro ya ce uku. "To lissafinka ya ce sifili." Nan take ya gane 12 kaɗai ya raba da 2, ya bar 3x. Wallahi sai da na ji daɗi har cikin raina.

Littafi na hannu na saya masa, na biya lesin na wata biyu. Kalkuleta kuwa na ce ya jira zango mai zuwa.