Kwas ɗin difloma mataki na 3 da na yi kafin in zama siniya a gidan tsofaffi

Shekara biyu da rabi ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Bradford da ke Ingila kafin manajarmu ta ce idan ina son matsayin siniya sai na kawo difloma mataki na 3 ta kula da manya, wadda tsofaffin ma'aikata har yau suke kira NVQ. Satifiket ɗin farko, wato Care Certificate da aka fara a 2015, na gama shi tun watannin farko da zuwana, amma wannan kowa ma yana da shi.

Akwai tsarin koyon aiki da gwamnati ke biyan kuɗinsa, sai dai yawanci yana buƙatar mutum ya yi shekara uku a ƙasar, ni kuwa ban kai ba. Don haka na biya da kaina, kashi-kashi, a wani kamfanin horarwa na intanet. Shawarar da wata 'yar Zariya da muke shif ɗin dare tare ta ba ni ita ce ta fi komai amfani: kafin in ba da ko sisi, in tabbatar takardar za ta fito daga hukumar da Ofqual, mai sa ido kan takardun shaidar karatu a Ingila, ta amince da ita, irin su City & Guilds ko NCFE. Akwai masu sayar da takardar "kammala kwas" wadda manaja zai duba ya ajiye gefe.

Darussan kansu ba yabo ba fallasa. Bidiyoyin sun tsufa, wasu kamar karanta allo kawai ake yi. Inda suka burge ni shi ne bayanin Dokar Ikon Yanke Shawara ta 2005. Kafin nan, idan tsohuwa mai ciwon mantuwa ta ƙi wanka, ni a ganina lallashi da ɗan matsi ai kulawa ce, haka muke yi wa kakanninmu a gida. A nan doka ta ce a ɗauka mutum yana da ikon yanke wa kansa shawara har sai an tabbatar ba shi da shi, kuma shawarar da ba ta yi miki daɗi ba ba hujja ce ta rashin hankali ba. Wannan ya gyara mini aiki ƙwarai.

Mai tantancewar da aka haɗa ni da ita ta zo har wurin aiki sau biyu, ta tsaya tana kallona ina rabon magani. Ta kama ni na sa hannu a takardar MAR, wadda ake rubuta maganin da aka ba mutum a ciki, kafin dattijon ya haɗiye ƙwayar. Kunya ta rufe ni, amma gara ita da masu binciken CQC, hukumar da ke sa ido kan irin gidajenmu. Matsalar ita ce ta bar aiki a tsakiyar kwas ɗin, na yi kusan wata biyu ina tura saƙo babu amsa, ayyukana na jibge ba mai dubawa. Sai da na yi barazanar kai ƙara aka ba ni wani.

Abin da kwas ɗin bai taɓa ba shi ne yadda za ki raba aiki ga matar da ta girme ki da shekara ashirin, jiya kuna canza zanin gado tare, yau ke ce za ki ce mata ta koma ta gyara rahotonta. Ko yadda za ki riƙe mabuɗin akwatin magunguna masu tsauri, ki nemo mai sa hannu na biyu, waya na ringi, ɗan wata mazauniya na tsaye yana faɗa. Wannan a bakin aiki na koya.

Ƙarin albashin kuwa bai kai fam ɗaya da rabi a awa ba. Zan sake yin kwas ɗin, amma sai na tambayi mutum nawa kowane mai tantancewa yake riƙe da su kafin in biya.