Sharhi kan hidimar hoton MRI ta ƙananan dabbobi ga masu binciken lalacewar ƙwaƙwalwa

Cibiyar da muke kai ɓerayen bincikenmu tana aiki da na'urar MRI, wato mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, mai ƙarfin tesla 9.4 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), fiye da ninki uku na tesla 3 da ake samu a manyan asibitoci. Dole ne a buƙaci wannan ƙarfi, domin ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ba, kuma sai da irin wannan maganaɗisu ake rarrabe abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba.

Babban amfanin hidimar shi ne ana bin dabba ɗaya tun tana da ƙoshin lafiya har cuta ta ci ƙarfinta. Muna aiki da ɓerayen R6/2 da aka sauya wa ƙwayoyin gado, waɗanda ɗakin binciken Gillian Bates da ke Landan ya gabatar a 1996 domin nazarin cutar Huntington, wata cutar gado mai lalata ƙwaƙwalwa, kuma idan aka jera hotunan mako bayan mako, ana ganin ƙwaƙwalwar tana ƙanƙancewa yayin da ramukan ruwan da ke tsakiyarta suke faɗaɗa. A da sai an kashe rukuni guda na ɓeraye a kowane matakin cutar domin a duba ƙwaƙwalwarsu. Yanzu ana kwatanta kowane ɓera da yadda yake a baya, adadin dabbobin ma ya ragu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aikatan. Bayan an sa ɓera barci da iskar isoflurane, sukan shafa masa man ido, su kafe kansa da sandar da ake maƙale haƙoransa da ita, su kwantar da shi a kan shimfiɗar ruwan ɗumi, sannan mutum ɗaya ya tsare allon numfashi har a gama. Ɓeran da cuta ta raunana yana saurin yin sanyi, ɗan motsin kai kuma yakan ɓata aikin sa'a guda.

Inda suka gaza shi ne layin jira yana da tsawo, alhali cutar waɗannan ɓeraye tana ci gaba cikin makonni. Fassarar bayanai kuma an bar wa mai bincike, wanda hakan nauyi ne ga sabon shiga.

Ina ba da shawarar hidimar ga mai auna ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa. Amma mai aiki da ɓerayen cutar mantuwa ta Alzheimer masu tara amiloid, wani furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, ya sani cewa ƙwaƙwalwar da yawansu ba ta ƙanƙancewa sosai, don haka ya tanadi kuɗin yanka ƙwaƙwalwar a duba ta da madubin ƙara girma.