Wata shida da katin Intel AX200 a kan Linux Mint

Laftof ɗina ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Ranar da na goge Windows na sa Linux Mint 21, komai ya tashi lafiya lau: sauti, kyamara, har maɓallan ƙara haske. Wi-Fi ne kawai ya ƙi. Katin Wi-Fi da ke cikinta ba shi da direba (manhajar da ke sa kati aiki) a cikin kanel, wato zuciyar Linux, sai an sauko da shi daga intanet, alhali intanet ɗin ce babu. Sai da na jona wayata da kebul na USB sannan na samu hanya. Direban ya hau, amma da aka sabunta kanel sai ya sake ɓacewa. A karo na uku, ina tsakiyar aika aikin wani, na ce ya isa haka.

Na je Beirut Road a nan Kano na sayo Intel AX200. Ɗan ƙaramin kati ne, milimita 22 da 30, bai fi kan sarki girma ba, wani rami a cikin laftof da ake kira M.2 yake shiga. Na cire batir, na kwance noti ɗaya, na zare tsohon na sa sabon. Wurin da ke son natsuwa shi ne maƙala wayoyin eriya guda biyu, don kawunansu ƙanana ne ƙwarai, in ka danna a karkace za su lanƙwashe. Wannan ya ci mini kusan minti goma.

Ina kunnawa na ga jerin Wi-Fi na maƙwabta sun fito. Ban rubuta umarni ko ɗaya ba. Dalili kuwa, direbansa mai suna iwlwifi yana cikin kanel, kuma tun kanel 5.1 ya san wannan kati, Mint 21 kuwa da 5.15 ta zo. Bluetooth ma ya kama abin kunnena nan take. Wata shida ke nan, an sabunta kanel ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ko gezau. In na rufe murfin na buɗe, kafin na gama shigar da lambar sirri ya riga ya haɗu. Wannan kwanciyar hankalin ita na biya wa kuɗi, kuma na same ta.

Gudu fa? Gaskiya bai ƙaru da yawa ba. An rubuta Wi-Fi 6 a jikinsa, amma ni da MiFi na 4G nake aiki, kuma saurin da kamfanin layi ya ba ka shi za ka gani. Kada wani ya saya da tunanin bidiyo zai daina tsayawa.

Abin da ya kamata mai saye ya kiyaye: AX200 da AX201 kamanninsu ɗaya, amma AX201 sai da wasu sababbin allunan Intel yake aiki, a kwamfutar AMD ko motsi ba zai yi ba. Tsofaffin laftof masu ramin mini PCIe kuma ba sa ɗaukar M.2, wasunsu ma BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ba ya yarda da baƙon kati sam. Masu sayen na USB su ma su duba abin da ke ciki, ba sunan kwali ba: TL-WN722N na kamfanin TP-Link, samfurin farko guntun Atheros AR9271 ne a cikinsa, wanda Linux ke ganewa kai tsaye, na biyu da na uku kuwa Realtek ne, duk da suna ɗaya.

Ƙanena zai sayi laftof wata mai zuwa. Na riga na sa masa Mint a filashi, ya je da ita shago, ya tayar da kwamfutar daga kai, ya rubuta umarnin lspci, mai jero kayan cikin kwamfuta, ya ga sunan katin kafin ya miƙa kuɗi.